Daga Maraɗi zuwa Damagaram: rumbun gwamnati da rumbun talaka

Wanda yake son ya san gaskiyar lamarin cimaka a ƙasar nan kada ya yi tafiya da kaka. Da kaka kowa sarki ne: dammunan hatsi jibge a bakin gona, fura har da ta baƙo, kaji ma sun ƙoshi sun daina bin mutane. Sai ya bari bazara ta tsaya sosai, watan Mayu ya raba, lokacin da in ka ƙwanƙwasa rumbu sai ya amsa maka kamar ganga, ruwa bai sauka ba, wanda ya tafi cin rani bai komo ba. A irin wannan lokaci ne na kama hanyar Damagaram daga Maraɗi. Tafiyar ba ta kai kilomita 250 ba, mota mai lafiya tana yin ta cikin rabin wuni, amma ni sai da na kwana uku bisa hanya, domin ina sauka ina tambaya. Tambayar kuwa guda ce: cikin dukan dabarun da gwamnatocinmu suka ɓullo da su don yaƙi da yunwa, wace ce ta iso har cikin tukunyar talaka?

Kafin in je tasha na bi ta wajen masu awon hatsi. Mata na zaune bayan tulin hatsi da dawa da wake, kowace da tiyarta, ƴan dako suna kai da kawo tsakanin kamyo da mangaza, gumi na zuba. Maraɗi gari ne na fatauci tun ba yau ba. Bayan ambaliyar 1945, wadda ta ci tsohon gari da ke cikin fadamar Gulbi har aka hau tudu, gujiya ce ta fara tayar da alhazan birni, daga baya cinikin Katsina da Kano ya ƙara musu ƙarfi. Daga nan zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, zuwa Yamai kuwa ya haura 600. Saboda haka duk wanda ya zauna da masu awo ya san kuɗin tiya ba a Yamai ake yanka shi ba. Abin da ke ɗaga shi ko ya sauke shi shi ne labarin da ya zo daga kasuwar Dawanau ta Kano, da darajar naira ranar nan. In hatsi ya fi tsada a kudu, buhunanmu sai su juya su nufi Ɗan Isa da Jibiya. In ya fi tsada a nan, na can su hauro. Buhu bai san iyaka ba, riba ya sani.

A gefe guda kuma ga manyan mangazun OPVN, ma'aikatar da aka kafa a 1970 don ta zama rumbun ƙasa. Dabarar da aka gina ta a kai tsohuwa ce, duk wanda ya ji ƙissar Annabi Yusuf ya san ta: a sayi hatsi da kaka lokacin da yake da araha, don kada manomi ya faɗi, a adana, a fitar da shi da bazara da tsakiyar damana, don kada mai saye ya halaka. A zamanin Seyni Kunce an cika mangazun nan, an kuma tsare su da tsoron soja. Amma daga tsakiyar shekarun 1980, da masu ba mu bashi suka kawo sharuɗɗansu na gyaran tattalin arziki, sai aka rage mata hannu cikin kasuwa. Aka ce ta bar ciniki ga ƴan kasuwa, ita ta riƙe ajiyar ko-ta-kwana kaɗai. An kafa ma'aikatar faɗakarwa da wuri a 1989, daga baya aka haɗa gwamnati da masu ba da agaji cikin tsari guda na rigakafi. A takarda babu abin da ya rage.

Shekarar 2005 ce ta gwada takardar, kuma a nan jahar Maraɗi ta fi gwada ta. Damanar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta bi ta wasu yankuna, aka lissafa giɓin hatsi na tan dubu 223 a ƙasa baki ɗaya. In aka duba abin da ƙasar ke nomawa, wannan giɓi ba abin da zai kashe yara ba ne. Gwamnati ta nemi agaji tun watan Nuwamba na 2004, duniya ta yi kunnen uwar shegu. Ajiyar ƙasa ba ta kai ko kusa da abin da aka tsara ba, kuma da aka fita saye sai aka tarar maƙwabta sun riƙe nasu, Najeriya kuwa hatsi ya fi namu tsada. Buhun hatsi mai kilo 100, wanda da kaka ake samu jika 10 da ɗoriya, sai da ya kai wajen jika 30 a watan Yuli da Agusta. A lokaci guda kuɗin bisashe ya faɗi, mai akuya biyu ya kai su kasuwa ya komo da abin da bai isa mako biyu ba. Ga shi a farkon shekarar an ɗora harajin kashi 19 cikin 100 bisa madara da sukari da garin alkama da ruwa da wuta, har ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka rufe birane a watan Maris.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da wannan shekara shi ne, hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Yana nan jibge, kamar yadda na gan shi a wannan safiya. Kuɗin saye ne babu. Gwamnati da abokan hulɗarta suka zaɓi sayarwa da rahusa, buhu jika 10, suka ƙi rabon kyauta don kada a ɓata kasuwa. To, wanda ya riga ya sayar da akuyarsa, ya jinginar da gonarsa, ina zai sami jika 10? Ba a fara rabon kyauta ba sai da hotunan yaran Maraɗi suka zagaya duniya, damana ta riga ta yi nisa. Ihu bayan hari. A wannan shekara likitocin MSF sun yi wa yara fiye da dubu 60 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a wannan jaha da muke kira rumbun ƙasa. Abin da aka ceto su da shi kuwa, wani kwaɓin gujiya ne da madara da sukari da mai cikin ƴar leda. Gujiyar da ta gina benayen Maraɗi ita ce ta komo cikin leda ta ceci ɗiyan manomanta.

A watan Agusta na 2005 shugaba Mamadu Tanja ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar, mutanensa ma da alamar ƙoshi. An zage shi ƙwarai a kan wannan magana, kuma ta cancanci zagi, amma yana da kyau a san inda ta samo asali. Tanja yana cikin sojojin da suka kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, kuma babbar hujjarsu ita ce yunwar fari da yadda aka yi wasa da hatsin agaji. Daga baya ma ya riƙe jahar Maraɗi. Ya san da idonsa cewa yunwa tana kayar da gwamnati. Tun daga 1974 kalmar nan ta zama dodo ga duk wanda ya hau kujera a Yamai: faɗinta kamar amsa laifi ne. Shi ya sa a 2008 aka dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi, shi ya sa kuma a 2010, da sojojin Salu Jibo suka karɓi mulki, abu na farko da suka yi don su bambanta da wanda suka kifar shi ne su kira yunwa da sunanta. A shekarar nan mutum fiye da miliyan 7 ne aka lissafa cikin ƙarancin cimaka, amma da yake an faɗa da wuri, agaji ya zo da wuri.

Da hantsi muka fita gari. Yaron mota ya cusa mu kamar goro cikin huhu, ni da wani dattijo mai farin gemu muka raba kujera guda. Bayan mun wuce Cadawa sai ƙauyuka suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya, kowane da jerin rumbunansa a bayan gari, an ɗora su bisa duwatsu ko itace saboda gara, da hular ciyawa a kai. Na ce wa dattijon: «Baba, rumbuna dai ga su nan da yawa.» Ya yi murmushi ya ce: «Ɗana, yawan rumbu ba shi ne yawan hatsi ba. Ka duba inda kaji ke kiwo. In ka ga kaji ƙarƙashin rumbu, akwai abu ciki.» Na duba. A mafi yawansu babu kaza ko ɗaya.

Shi ne ya riƙa lissafa mini yunwoyi da sunayensu, kamar mai lissafa sarakuna. Ya ce kakansa ya ba shi labarin Kakalaba, ta 1914, wadda aka haƙa gidan tururuwa ana neman ƙwaya. Shi da kansa ya ga ta 1973 da ta 1984, wadda ake kira El Buhari, don ta zo daidai da lokacin da Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya, hanyar da talakan nan ke bi ya tsira ta toshe. An ci anza, an jiƙa ɗiyanta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. An ci jiga da tafasa, an sussuke ƙarangiya. Sunan El Buhari kaɗai ya isa darasi ga mai tsara siyasar cimaka: mutanen karkara ba su sa wa yunwar nan sunan fari ba, sunan rufe iyaka suka sa mata.

Da na kawo zancen ajiyar gwamnati sai ya gyara zama. Ya ce ai tun zamanin Nasara ake wannan. Gaskiya ne: bayan yunwar 1931 Faransawa sun tilasta wa kowane ƙauye rumbun tsimi, kowane mai gida ya zuba rabonsa da kaka, ba a buɗewa sai da izinin kumandan. Niyyar ba ta da laifi, amma talaka bai taɓa ɗaukar rumbun nan nasa ba. A wurinsa wani lanho ne aka ƙara masa, wanda masu gari da ƴan doka ke lasa, wani lokaci kuma a buɗe a tarar ƙwari sun gama da shi. Ina jin wannan tsohon miki bai warke ba har yau. Duk rumbun da mabuɗinsa ke hannun wani, talaka yana kallonsa da ido guda.

Wajen Agye ƙasa ta canza mini. Wanda ya bi wannan hanya a farkon shekarun 1980 zai gaya maka fili ne fetal, iska na kwasar rairayi tana binne shuka, har manomi ya yi shuka sau uku kafin ta kama. Yanzu kuwa ko'ina ka duba cikin gonaki itatuwa ne tsaye, ba a jere kamar na gandun gwamnati ba, warwatse: kalgo, sabara, taramniya, aduwa, magarya, gawo nan da can. Ba wanda ya dasa su. Nan na sauka, na bi wani ɗan amalanke zuwa wani ƙauye da ke arewa da titi, inda na kwana biyu.

Labarin itatuwan nan ya cancanci a tsaya a kansa. Bayan farin 1973 gwamnati da masu agaji sun zuba kuɗi mai yawa wajen dashe. An kafa wuraren renon itace, an mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashe, a watan Mayu na 1984 ma an yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Amma mafi yawan abin da aka dasa bai rayu ba: awaki sun ci, rana ta ƙone, ba mai ban ruwa. Dalili a fili yake. Bisa dokar da muka gada daga Nasara itace na gwamnati ne, ko da cikin gonarka ya tsiro. In ka sare reshe, ma'aikatan gandun daji su ci ka tara. To, wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Malaman gona kuma sun koya wa mutane cewa manomin kirki shi ne mai gona tas, babu ko kututture. Saboda haka kowace bazara sai a bi toho da sassabe a ƙone.

A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƴan kumbun da ake sassabewa ba ciyawa ba ne, tohon manyan itatuwa ne da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, cikin ƴan shekaru sai su zama itace, don saiwar ta riga ta kai ga laima. Ba sabon ilimi ba ne ɗungum, kakanninmu sun san shi. Abin da ya yi shi ne ya maido shi fili ya nace a kai. A yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci: ka bar itace a gonarka, a ba ka hatsi. Da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari suka ga iska ta daina binne musu shuka, ganye na zuba yana zama taki, bisashe na zuwa inuwa suna barin kashi, ga itacen wuta ba sai mace ta yi tafiyar rabin wuni ba. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Aka sa masa suna sassaben zamani. Ƙauyen Ɗan Saga na nan gundumar Agye ya yi suna a kai, har da kwamitin tsaron itace na maza da mata da makiyaya.

Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta a 2009 cewa abin ya mamaye wajen hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar, itace kamar miliyan 200, da ƙarin hatsi da zai kai tan dubu 500 a shekara. Ko da an rage wani abu daga wannan lissafi, ya ninka giɓin 2004. Mene ne rabon gwamnati a ciki? A ganina babban abin da ta yi shi ne ta janye hannu. Cikin shekarun 1980 da 1990, da asusun ƙasa ya bushe, ma'aikatan gandun daji suka rage yawo, manomi ya fara jin itacen gonarsa nasa ne. Daga baya doka ta biyo sawu: dokar karkara ta 1993, sabuwar dokar gandun daji ta 2004, sai dokar 2020 da ta tabbatar wa mai reno haƙƙinsa bisa itacen da ya rena. Ban san wata siyasar cimaka da ta ci kuɗi kaɗan ta kuma ba da amfani kamar wannan ba.

Mai masaukina ya zagaya da ni gonarsa da sassafe, yana dafa kowane itace kamar mai nuna ɗiyansa. Ya ce a shekarar da hatsi bai yi ba, rassan nan yake datsa ya kai kasuwa ya sayo tiya, bai kai ga sayar da gona ba. «Wannan shi ne rumbuna na biyu, in ji shi, kuma ba ya buƙatar kwaɗo.»

Maganar kwaɗo ta kai mu ga wani ɗaki na siminti da ke tsakiyar gari, da ƙofar ƙarfe da allon da rana ta cinye rubutunsa. Bankin cimaka ne, irin waɗanda aka gina dubbai a ƙasar nan tun bayan 1984. Wata ƙungiya ce ta gina shi, ta zuba buhunan farko, ta kafa kwamiti, ta tafi. Tsarin shi ne a sayar wa ƴan gari da sauƙi lokacin wahala, da kaka a sake cikawa da kuɗin. Shekara biyu abin ya tafi daidai. A ta uku aka ba da bashi ga waɗanda ba a iya ce musu a'a, damana ta zo ba kyau, bashi bai komo ba. Yanzu ɗakin ajiyar buhunan wani ɗan kasuwa ne. Ba wanda ya ambaci sunan kowa, amma kowa ya kalli gefe guda lokacin da ake ba ni labarin.

Wanda ke aiki a garin shi ne na mata. Ƙungiya ce irin ta Mata Masu Dubara, tsarin asusun da aka fara a nan jahar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu cikin Afirka. Suna zubi kowane mako, da kaka su sayi hatsi da wake su ajiye a ɗakin shugabarsu, mabuɗi uku a hannun mata uku. Na gaida shugabar, tsohuwa mai kaifin baki, na ce: «Inna, me ya sa naku bai mutu ba?» Ta ce: «Don da guminmu munka cika shi, ɗan nan. Wadda ta ci ba ta biya ba, da wane ido za ta zo suna ko biki?»

Ita ce kuma ta buɗe mini abin da lissafin gwamnati ba ya gani. Gwamnati tana auna hatsin ƙasa, ta raba da yawan jama'a, ta ce bana akwai rara ko akwai giɓi. Amma tsakanin rumbu da bakin yaro akwai tafiya. A gidaje da yawa, in an gama kaka mai gida yakan rufe rumbun gandu ya tafi cin rani, ba a buɗewa sai damana, don masu noma su sami ƙarfin aiki. Wannan ba mugunta ba ce kaɗai, lissafi ne na wanda ya san abin ba zai kai ba. Cikin watannin nan mace ce ke ciyar da kanta da ɗiyanta daga gamanarta da ƴar sana'arta. To, ga gonaki sun tsuke. A ƙidayar 2012 jahar Maraɗi tana da mutum miliyan 3 da dubu 400, kwatankwacin jama'ar Nijar duka a lokacin samun mulkin kai, kuma gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta. In gona ta tsuke, gamanar mace ce ke fara tafiya. Yaron da aka yaye don an sami wani ciki, aka ɗora shi bisa fura tsararo babu nono, ga zazzaɓin damana, ga zawo, shi ne wanda ake kai wa likita da tamowa ko a shekarar da aka ce an yi rara. Buhun rahusa da ake sayarwa a hedikwatar gunduma, ga mai gida da takardar iyali, ba lalle ya iso ga wannan yaro ba.

Rana ta uku na koma titi. Gazawa da Tasawa na wuce su ba tare da na daɗe ba, sai dai a Maijirgi na sa direba ya rage gudu don in hango inda aka binne Voulet da Chanoine, sojojin Faransa biyu da suka ratso ƙasar Hausa a 1899 suna ƙone garuruwa da rumbunansu, har nasu sojojin suka harbe su a wannan yanki. Fasinjoji ba su ko ɗaga kai ba. Wata mata tana ta ciniki da mai tallan ɗanwake ta taga.

Daga Takeita zuwa gaba gawo ne ke sarauta, kuma in ka gangara kudu wajen Matamai da Magarya ya fi haka yawa. Itace ne mai saɓa wa ƴan uwansa: da damana, lokacin da kowa ke ganye, shi sai ya zubar da nasa, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, da rani kuma ya yi kore shar, ya zubo ɗiya ga bisashe. Hatsin da ke gindinsa ya fi na fili tsawo da kauri, ko makaho ya shafa ya sani. A Damagaram ana ba da labari cewa Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo, har ana cewa wanda ya sare shi a bakin ransa. Ko an ƙara wa labarin gishiri, yana nuna cewa tun kafin zuwan Nasara masu mulkin ƙasar nan sun san cewa cikin talaka yana da alaƙa da itacen gonarsa.

Mun shiga Damagaram da la'asar, duwatsunta sun ɗauki zafi kamar tanda, ƴan garuwa na ta kai da kawo, don ƙishirwa tsohuwar abokiyar garin ce. A nan na zauna da wani tsohon malamin gona da ya yi ritaya, muka bi sauran lissafin. Tsarin mulkin 2010 ya rubuta cewa samun isasshen abinci haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne. A 2012 gwamnatin Mahamadu Isufu ta ƙaddamar da shirin 3N, wato ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar, da alkawarin noman rani, da gidan manoma a kowace karamar hukuma inda za a sami iri da taki da abincin bisashe da hatsin ajiya wuri guda. Ya ce a faɗi gaskiya, an yi rijiyoyi, an gyara fadamu, kuma munanan damanun 2011 da 2021 ba su zama irin 2005 ba, domin an koyi faɗa da wuri, an koyi raba kuɗi da hatsi kafin mutum ya sayar da akuyarsa. Amma ya ce ya ga gidajen manoma da aka gina aka yi bikin buɗewa, taki kuwa ya iso bayan hatsi ya yi kai. Noman rani da ake ta kira sabo, shi yana saurayi aka fara yekuwarsa, a 1984, zamanin Kunce.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakar Najeriya da ta Benin, shinkafa da masara suka yi tashin gwauron zabo, tsofaffi suka tuna El Buhari. Damanar 2024 kuma ta zo da ambaliyar da ta cinye gonaki da gidaje, har tsohon masallacin Birni na nan Damagaram ya rushe. A watan Oktoba na shekarar hukumomi suka hana fitar da hatsi zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Mai saye a birni ya ji daɗi. Amma na tambayi malamin, manomin wake na Matamai fa, wanda kasuwarsa Kano ce tun kakanni, da kuɗin waken nan yake sayen hatsin bazara? Kuma mu da muka yi kuka a 2005 don maƙwabta sun riƙe nasu? Bai ba ni amsa ba, sai ya ƙara mini shayi.

Muna nan zaune iska ta juya. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ƙura ta taso ta rufe hasumiyar masallaci, mata suka shiga kwashe shanya. Malamin ya miƙe ya leƙa sama, ya ce in wannan ya sauka, gobe da asuba ba za ka sami namiji ko ɗaya a ƙauye ba, duk suna gona da sungumi. Ya ce wasu ma sun riga sun yi binne tun mako biyu, sun zuba irin da ya rage musu cikin busasshiyar ƙasa suna jira. A bakin titi yaran wata kamyo suna ta jan tampol bisa buhuna, suna yi wa juna ihu, ɗigon farko na bugun kwanon rumfa ɗaya-ɗaya.